Waya a cikin samira: yadda dogon hutun bana ke tafiya a gidanmu

Asabar, 26 ga Yuli, 2025

Jiya aka ba yara hutu, sati shida cif sai Satumba. Yau kuma Asabar ɗin ƙarshen wata ce, ana tsaftar muhalli a Kano babu fita sai ƙarfe goma, dan haka duk muna gida har da Abbansu. Na gama soya ƙosai na dama kunun gyaɗa na jera a falo, nace ku taso a karya, shiru. Na sake magana, shiru. Shine na fito daga kicin na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsu, Yayansu mai shekara 12 yana kwance a doguwar kujera da tab a ƙirji yana buga gem ɗin ƙwallo, Ummi mai shekara 9 ta riƙe tsohuwar wayata tana kallon masu kwalliya a YouTube, Auta kuma da ko huɗu bai cika ba ya manne da talabijin kaman zai shige ciki. Mutum uku a ɗaki ɗaya amma babu mai ganin wani. Kunun nan har ya yi fata a sama kafin su taso.

Wallahi raina ya sosu, dan na san in ban yi wani abu ba haka za a cinye sati shidan nan, bara ma haka aka yi, aka koma makaranta Yayansu ba ya iya tashi da asuba sai da faɗa. Ga kuɗin data, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairu abin da nake saya ya kai wata yanzu sati biyu ya ƙare.

Mun yi magana da Abbansu da daddare, yace na tsara yadda nake so shi zai mara min baya. Zan riƙa rubuta abin da ya faru a nan, mai daɗi da marar daɗi, dan in an koma makaranta na duba na ga ko mun matsa.

Litinin, 28 ga Yuli

An fara yau. Na ɗauko wata tsohuwar samira mai murfi cikin kayan aurena na ɗora kan firij, nan ne gidan tab da tsohuwar waya da rimot. Dokar ba ta da yawa. Babu waya da safe kwata-kwata, babu waya wajen cin abinci, bayan magariba kuma an rufe samira sai gobe. Manyan biyu awa ɗaya da rabi kowa, tsakanin azahar da tafiya Islamiyya, in lokacin bai isa ba a cika bayan an dawo. Auta awa ɗaya, wannan kuma ba daga kaina na ƙago ba, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ce da ta fitar a 2019, cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kar a zaunar da shi gaban allo ma sam, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. A ciki har sun ce ɗan shekara uku zuwa huɗu yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 da motsa jiki na awa uku a yini. Da na auna Auta da wannan sai da gabana ya faɗi, yaron da sai sha ɗaya na dare yake barci da katun a kunne.

Abbansu ya saka Family Link na Google a tab ɗin, daga wayarsa yake saita lokaci, in ya cika tab ɗin ya kulle kansa, kuma ba a iya sauke sabon gem sai ya amince. Wannan ya rage min zama ɗan sanda.

Ummi ta karɓa babu musu. Yayansu bai ce uffan ba amma ya shige ɗaki ya ja ƙofa, abincin rana ma sai da na aika masa sau biyu.

Alhamis, 31 ga Yuli

Kwana huɗun nan sun yi min tsawo. Auta jiya ya yi kuka ya fi na minti arba'in a gindin firij yana miƙa hannu sama, ya kwanta a ƙasa yana shure-shure, maƙociyata har ta leƙo ta katanga tana tambaya ko faɗuwa ya yi. Na goya shi na yi ta zagaye tsakar gida har ya yi barci a bayana. Manyan kuma kalma ɗaya suke ta maimaitawa, Mama mun gaji da zama, Mama me za mu yi. Faɗa tsakaninsu ya ƙaru, a kan filo ma sai an yi. Abin da ban shirya masa ba kenan, na karɓe waya amma ban tanadi abin da zan saka a gurbinta ba, awa shida bakwai ne fa a rana suka zama fili fetal. Kuma yau da gobe babu Islamiyya.

Talata, 5 ga Agusta

Hajiya ta zo mana kwana uku tun ranar Lahadi, kuma zuwanta ya taɓa ni inda ban zata ba. Jiya da yamma ina zaune ina amsa kwastomomi a WhatsApp, dan ina saida atamfa da turaren wuta kuma kusan duk cinikin a sitatus yake, Ummi ta zo ta tsaya kusa da ni tana nuna min wani zane da ta yi, nace ina zuwa, ta sake, nace ina zuwa mana, ta juya ta tafi. Hajiya tana kan sallaya tana jan carbi duk tana gani. Da yarinyar ta fita sai tace min, ke 'yar nan, in kura na maganin zawo ai ta yi wa kanta, taki wayar ba ta shiga samirar ne? Nace Hajiya sana'a ce. Tace ban hana ki sana'a ba, mu ma mun yi, ƙuli-ƙuli na saida na aurar da 'ya'ya, amma mai saye in ya tafi ya tafi, ke naki masu sayen har cikin gado suke bin ki.

Da daddare na shiga saitin wayata wajen da yake nuna awannin da mutum ya yi, Digital Wellbeing, na ga awa bakwai da minti goma a ranar kawai. Kuma da na duba dalla-dalla cinikin bai kai rabi ba, sauran TikTok ne da guruf ɗin 'yan ajinmu da na biki. Na daɗe a zaune. Yau da safe na faɗa wa yaran da bakina cewa tawa ma za ta riƙa shiga samira daga magariba zuwa tara na dare, da lokacin cin abinci, kuma na saka a sitatus cewa oda bayan magariba sai da safe za a amsa. Yayansu ya ɗago ya kalle ni, karo na farko cikin sati guda da ya kalle ni ba a murtuke ba.

Daren jiyan kuma an ɗauke wuta bayan ruwa ya tsagaita, Abbansu zai tada jenareto Hajiya tace a bari. Aka shimfiɗa tabarma a baranda, iska mai sanyi, kwaɗi suna ta kuka a bayan gida. Tace ga ta nan ga ta nanku, yaran suka yi tsuru suna kallonta, ba su ma san amsar ba, ni na ce ta zo mu ji ta. Wannan ya yi min ciwo sosai, yarana sun haddace sunan 'yan wasan Ingila da waƙoƙin katun na Turanci amma ba su san yadda ake amsa tatsuniya ba, kuma ba laifinsu ba ne, wa ya taɓa yi musu? Ta yi musu ta Gizo da Ƙoƙi tana kwaikwayon tsamin bakin Gizo, Auta yana dariya har da riƙe ciki duk da ba duka yake ganewa ba. Daga nan aka shiga kacici-kacici. Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, Ummi ce ta canko tsintsiya. Baba na ɗaka gemu na waje kuwa ya gagare su sai da suka ba ta gari, Yayansu ya ba ta Legas tace ba ta so ta yi nisa, aka ba ta Madina ta karɓa. Yau da rana Ummi ta matsa a ƙara wata, Hajiya tace ba a tatsuniya da rana, mai yi ɓata yake.

Asabar, 9 ga Agusta

Mun cika buhunan siminti huɗu da ƙasa da takin awaki, muka huda ƙasansu, aka shuka alayyahu a biyu, kuɓewa a ɗaya, na huɗun na Auta ne ya zuba wake da gyaɗa da duk abin da hannunsa ya kai. Kowa da buhunsa. Damina ce ba a ma buƙatar ban ruwa sosai.

Abbansu kuma ya tona dara a gefen tsakar gida inda ba a yi siminti ba, gida talatin, layi biyar na shida-shida, kowa 'ya'ya goma sha biyu, shi da tsinke Yayansu da ƙananan duwatsu, in ka jera uku ka cire na abokin wasa ɗaya. Ashe ya iya sosai, shekara goma sha huɗu muna tare ban taɓa sani ba. Ya cinye yaron sau biyar a jere bai raga masa ko sau ɗaya ba. Ni kuma na koya wa Ummi carafke, hannuna ya yi nauyi amma bai manta ba.

Alhamis, 14 ga Agusta

Fitarmu ta farko. Muka hau adaidaita zuwa marinar Ƙofar Mata, ni da yaran da ƙanwata, waya ɗaya kawai muka ɗauka dan ko ta kwana kuma tana cikin jaka. Na sha wucewa ta wajen tun ina yarinya amma ban taɓa shiga ba sai yau. Ana cewa tun 1498 ake rini a wurin, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa kenan, sama da shekara ɗari biyar. Ramukan suna nan jere a ƙasa da yawa amma kaɗan ne ake aiki da su yanzu, sauran an rufe ko sun bushe, wannan ma abin tausayi ne.

Wani dattijo ya zaunar da mu kusa da raminsa ya yi mana bayani, baban rini da toka da ruwa ake haɗawa a bar shi ya yi kwanaki yana tsima kafin ya nuna. Warin wurin da farko ya sa Ummi toshe hanci. Sai ya ɗauko farin yadi ya tsoma ya ɗan juya shi a ciki ya ɗago, kuma da ya fito ba shuɗi ba ne, wani kore-kore ne, muna kallo yana shan iska yana rikiɗa a gaban idonmu har ya koma shuɗi. Yayansu yace Baba dan Allah a sake. Aka sake. Yace to me ya sa sai ya fito yake canzawa, dattijon yace iska ce take kama shi, shi ya sa ake tsomawa a ɗago, a tsoma a ɗago, yawan tsomawar shi ne duhun launin. Yaron nan ya tsuguna a bakin ramin ya fi minti ashirin yana jero tambayoyi, wanda a gida in ka yi masa magana sai dai ka ji uhm. Mun leƙa wajen masu bugu ma, suna zaune sun saka yadi a tsakiya suna dukansa da manyan guduma na icce har ya yi sheƙi, sautin yana tafiya tare kaman kiɗa, Auta ya tsaya yana rawa.

Ummi ta zaɓi wani ɗan ƙyalle mai zanen ɗauri na saya mata, tace ɗankwalin Islamiyya za ta yi. Sai da muka dawo gida na tuna ko hoto ɗaya ba mu ɗauka ba, na ɗan ji babu daɗi da farko, amma da daddare Yayansu ya ba Abbansu labarin tun daga farko har ƙarshe bai tsallake komai ba.

Lahadi, 17 ga Agusta

Gasar Firimiya ta dawo, yau Manchester United da Arsenal. Tun safe ake muhawara a gidan nan ko kallon ƙwallo yana cikin awa ɗaya da rabi ko ba ya ciki. Ni da farko nace allo allo ne. Abbansu yace a'a, zama da uba a kalli wasa ana hira ana ihu tare ba ɗaya ba ne da yaro ya kulle kansa a ɗaki shi kaɗai. Na yi tunani na ga yana da gaskiya, dan abin da ya dame ni tun farko ai rabuwar ce, kowa a duniyarsa. Aka tsaya a kan ƙwallo da Abba ba ta cikin lissafi, amma wasa ɗaya a sati. Arsenal ta ci ɗaya da nema, uban yana murna ɗan yana ƙunci, na soya musu gyaɗa.

Asabar, 23 ga Agusta

Satin nan komai ya rushe. Auta ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro tun Talata, aka gwada aka tabbatar, kwana biyu muna zirga-zirgar asibiti. Maganin ba ya shan shi sai da katun a gabansa, na ba shi, kuma ko yanzu aka dawo da ranar zan sake ba shi. Manyan na bar su da tab da talabijin yini guda dan ba ni da ƙarfin da zan bi ta kansu, ga ruwa da ya yini yana zuba ranar Laraba babu ko fita tsakar gida. Tawa wayar ma ba ta ga samira ba, 'yan uwa suna ta kira.

Alhamdulillah jiki ya yi sauƙi, jiya ya ci tuwo. Abin da na lura shi ne komawa kan doka bai yi wuya kaman ranar farko ba, Ummi da kanta ta tattara kayan ta saka a samira bayan magariba ba wanda ya ce mata. Alayyahu ya yi tsawon ɗan yatsa biyu, buhun Auta kuwa ya cika da ganye ba a gane wake ba a gane gyaɗa.

Asabar, 30 ga Agusta

Wannan ya fi komai tsaya min a rai. Kwanan nan Yayansu ya tsiri zuwa gidan abokinsa a layin baya da hantsi, yace ƙwallo suke bugawa, ni kuma ina murna yana fita. Shekaranjiya na aiki Ummi ta kira shi, ta dawo tana ta kame-kame, da na matsa tace min suna zaure su biyar sun kewaye waya ɗaya ta yayan abokin. Ashe kusan sati biyu kenan. Kuma ba gem kaɗai ba, har bidiyoyin TikTok da ban san irinsu ba, a wayar saurayi ɗan shekara goma sha tara da babu wani Family Link a kanta.

Ban dake shi ba, ko da yake raina ya kai nan. Na bari sai dare bayan ƙannen sun yi barci muka zauna da shi da Abbansu. Da farko ya yi shiru, daga baya ya fashe da kuka yace duk abokansa suna hirar abin da suka kalla shi kaɗai ne ba ya sani, suna ce masa ɗan ƙauye, kuma yace Mama ku kun hana mu zuwa filin ƙwallo kun ce babu tsaro, kun hana waya, to ina za mu je. Ban sami amsa nan take ba, dan gaskiya ya faɗa. Mu da muna yara da an idar da la'asar muna waje, 'yan mata ana gaɗa a dandali maza ana langa har isha'i, babu wanda hankalinsa ya tashi dan duk unguwa iyayenka ne. Yanzu da labarin satar yara da ƙwacen waya da shaye-shaye a lunguna mu da kanmu muka kulle su a gida, muka miƙa musu waya dan su zauna shiru mu ma hankalinmu ya kwanta. Ni na saya masa tab ɗin nan da kuɗina yana ɗan shekara takwas.

Abin da muka yanke, Abbansu zai riƙa kai shi filin makarantar firamare ta unguwa Asabar da Lahadi da yamma inda wani koci yake horar da yara, ya zauna har a tashi. Abokan kuma su riƙa zuwa nan gidan, na fi son na ciyar da yara biyar ina ganinsu. An ƙara masa rabin awa a kan ta Ummi tunda ya girme ta, da sharaɗin a falo zai riƙa kallo. Na je na sami maman abokin ma mun yi magana ta fahimta, ita ma ashe abin yana damunta ta rasa ta inda za ta fara.

Lahadi, 7 ga Satumba

Gobe makaranta. An yi hutun Maulidi ranar Juma'a, jiya muka je aski da kitso, yau guga da haɗa jaka. Na so mu hau Dutsen Dala kafin hutu ya ƙare bai yiwu ba, Gidan Makama ma ba mu je ba, Abbansu yace a bari sai Takutaha, bikin da ake yi sati ɗaya bayan Maulidi, in ya so a hau Dala tare da jama'a.

Inda muke yanzu, Auta yana barci kafin tara, har yanzu yana neman katun da safe amma kukan ba ya wuce minti biyar in na saka shi ya taya ni tsince wake. Ummi ta fi kowa sauyawa, ta koya wa 'yan layinmu carafke har sun fi ni. Yayansu ina sa ido, ban ce na gama sanin abin da yake gani a waje ba, amma ranar Alhamis ya ci Abbansu a dara karo na farko kuma ya ce kar a cike ramukan. Tawa wayar ta sauko zuwa awa huɗu da wani abu, wasu ranakun ta haura biyar. Kwastoma biyu sun yi fushi sun koma wani wajen saboda ban amsa da daddare ba, sauran sun saba.

Damuwata ta gaba ita ce aikin gida, dan makarantarsu ta guruf ɗin WhatsApp take turowa kuma yawanci bayan magariba, lokacin da samira take rufe. Zan yi wa malamar ajin Ummi magana gobe na ji ko za a iya rubuta musu a littafi.

Da yamman nan muka yanke alayyahun buhu ɗaya, bai fi cikin faranti ba, na haɗa da na kasuwa na yi miya. Ummi tana ta juya cokali a kwano tana neman wanne ne nata. Kuɓewar ta fara fure, guda uku, Yayansu yace shi zai riƙa duba ta kafin ya tafi makaranta.